Ku Tambaya Mu Amsa: kankana na zubar da ɗiya, zuma ta sauka a gida, da zancen feshi

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karo, na takarda da na WhatsApp, da yawansu a wuri guda suka faɗa duk da masu su ba su san juna ba, wannan yana kukan kankanarsa ta ƙi ƙulla 'ya'ya, waccan zuma ta sauka mata a tsakar gida, wani kuma feshi ne sana'arsa yana tambaya ko so ake ya daina. Shi ya sa na haɗa su na amsa tare. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam ina da garka a bakin Mirriya, bana na zuba kankana da kabewa, ma sha Allah yabanya ta yi kyau, ganye shar, fure ko'ina, amma ɗiyan da sun ɗan tasa sai su yi rawaya su faɗi, waɗanda suka tsaya kuma wasu a karkace suke, gefe guda ya cika gefe guda ya shanye. Taki na sa, ban ruwa ba na fashi, magani kuwa duk kwana uku nake fesawa da safe kafin rana ta yi zafi. Wasu sun ce baki ne ya kama garkar. Mene ne gaskiya? Daga wani mai garka, Mirriya.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Addu'a kam kada ka bari, amma amsar tambayarka tana cikin saƙon da ka rubuto da hannunka, wurin da ka ce kana feshi duk kwana uku da safe. Nan matsalar take, ko in ce nan nake fi zato.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba in gari ya waye, shiga garkar ka durƙusa ka dubi furen kabewarka da kyau. Za ka ga iri biyu ne a jikin uwa ɗaya. Akwai mai dogon wuya siriri, a tsakiyarsa wani ɗan tsinke da in ka taɓa shi gari rawaya zai manne maka a yatsa, wannan shi ne namiji. Akwai kuma mai gajeren wuya wanda a gindinsa akwai 'yar kabewa ƙarama tun kafin ya buɗe, wannan ita ce mace. Kankana ma haka take, sai dai furenta ƙarami ne. To wannan garin rawaya dole sai ya tashi daga namijin ya shiga cikin macen kafin 'yar ƙwallon nan ta zama kabewa, kuma garin yana da nauyi yana da danƙo, iska ba ta ɗaukar sa kamar yadda take ɗaukar bununin gero. Sai an samu mai ɗauka. Mai ɗaukar nan kuwa ƙudan zuma ne da 'yan'uwansa, ya shiga namiji neman ruwan zaƙi, garin ya manne a gashin jikinsa, ya faɗa mace ya goge shi a can. Barbarar kenan.

Abin da zai ba ka mamaki, furen mace rana ɗaya tak take buɗewa. Na kabewa ma da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, shi kenan ba zai sake ba. In a cikin waɗannan 'yan awoyi ba a kawo mata garin ba, 'yar ƙwallon za ta ɗan yi kamar za ta girma, sai ta yi rawaya ta faɗi. Kuma zuwa ɗaya ba ya isa, masana noman kankana sun auna sun ga fure guda yana son ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau 8 ko fiye kafin kankanar ta fito a cike. In gefe guda ya samu garin gefe guda bai samu ba, shi ne kake ganin kankana a karkace, don inda iri ya ƙullu nan nama yake cika.

Yanzu duba lokacin da kake feshi. Daidai lokacin da furen ya buɗe, daidai lokacin da ƙudan yake aiki. Kamar mutum ne ya kira gayya gonarsa, jama'a sun duƙa suna noma, shi kuma ya bi su da guba. Wallahi abin yana min ciwo, don na san kuɗin maganin nan ba a banza ka same su ba, ka saya don ka tsare amfaninka ne.

Amma kada in ɗora komai a kan abu guda. Furen da ke zuba da yawa a farko maza ne, su suke fara fitowa kuma sun fi yawa, zubarsu ba komai ba ce. Zafi mai tsanani da ƙishirwa su ma suna sa uwa ta zubar da ɗiya. Sannan akwai ƙudan nan da ke huda kankana ya sa ƙwai a ciki, shi alamarsa daban, za ka ga ɗan tabo da danƙo ya fito, in ka fasa ka tarar da tsutsa farare. In ka ga haka tsince duk waɗanda suka lalace ka ƙulle su a baƙar leda ka ajiye a rana, ko ka binne su da zurfi, kada ka bar su a ƙasa su ƙyanƙyashe. In kuwa ka fasa ba tsutsa ba tabo, ciki fari fes ba iri, to barbara ce ba ta samu ba.

Ga gwaji mai sauƙi, tsaya a bakin kunya ɗaya tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, minti goma kawai, ka ga ƙudan zuma nawa za su sauka. Garka mai lafiya tun daga nesa kake jin gunjinsu. In shiru ka ji, to kafin su dawo yi aikin da hannunka, tsinko namijin da ya buɗe a safiyar nan, cire ganyen furen ya rage tsinken, ka goga shi a hankali a tsakiyar macen ta ko'ina, kada ka yi gefe guda. Namiji ɗaya yana isar mace biyu ko uku. Aiki ne mai cin baya, amma a garka madaidaiciya kai da yaranka kuna gamawa kafin a karya kumallo, kuma cikin 'yan kwanaki za ka ga ƙwallon ya fara kumbura maimakon ya yi rawaya.

TAMBAYA: Mu nan gero da dawa da wake da gyaɗa muke nomawa. Na ji a rediyo ana cewa in ƙudan zuma ya ƙare duniya za ta mutu da yunwa. Ashe geron namu ma zuma ke yin sa? Daga wani dattijo manomi, Kance.

AMSA: Baba barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya. A'a, gero ba ruwansa da ƙudan zuma, iska ce ke ɗaukar bununinsa daga zangarniya zuwa zangarniya, masara ma haka, dawa kuma mafi yawa kanta take yi wa barbara iska ta taya ta. Gyaɗa da wake su ma furensu yana gama aikinsa a ciki tun kafin ya buɗe sosai. Saboda haka wanda ya ce tuwo zai ɓace ya ƙara gishiri, kuma ba na son mu riƙa tsorata mutane da abin da ba haka yake ba, don ranar da suka gane sai su watsar da gaskiyar ma gaba ɗaya.

Tuwo zai samu, miya ce za ta sha wuya, da aljihu. A shekarar 2016 kwamitin masana na duniya da ake kira IPBES ya fitar da babban rahoto kan wannan batu, ya ce sama da kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna ƙaruwa da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, amma in aka auna da nauyin abincin da ake girbewa a duniya, irin waɗannan amfanin kusan kashi 35 ne cikin 100, don hatsi shi ya fi yawa kuma shi iska ta ishe shi. Tsirran daji masu fure kuwa kusan kashi 90 cikin 100 suna dogara da su ko kaɗan ko da yawa.

To Baba lissafa da kanka abin da ke cikin wannan kaso a nan ƙasarmu. Kabewa, kankana, guna, duma da ake yin ƙwarya da ludayi, mangwaro, lemu, gwaba, zogale, magarya, kurna, aduwa, kuka, ɗorawa. Mai fidda irin albasa in ba ƙudaje da zuma a kan furen, kan albasar zai bushe ba iri kirki a ciki. Riɗi fa, wanda yanzu ya zama abin kuɗi? Shi yana iya yi wa kansa barbara, amma a Burkina Faso maƙwabtanmu an yi bincike aka buga a 2017, aka rufe furen riɗi da na auduga don kada ƙudan zuma ya taɓa su, aka gwada da waɗanda aka bari a buɗe, riɗin da aka hana zuma ya ragu da kusan kashi 59 cikin 100, audugar kusan kashi 37. Ƙasa irin tamu ce, rana irin tamu. Mutum ya yi noma ya yi maimai, rabin riɗinsa ya tafi a kan abin da bai ma san yana faruwa ba.

Kuma abubuwan nan da na lissafa su ne mata ke sayarwa a kasuwa su sayi sabulu da omo da littafin lakwal, su ne yara ke tsinta su ci a bazara lokacin da rumbu ya fara sauka. Ku mutanen Kance da Matameye da Magariya kun ma fi kowa abin alfahari a nan, don gawon da kuka bari a gonakinku da sassaben zamani, tun daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, shi ya sa ake lissafin hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabon ganye da fure bayan ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da ciyawa ta bushe zuma ba ta da inda za ta je. Kun bar shi don taki da abincin dabbobi, ashe kuna ciyar da zuma ma.

TAMBAYA: Ni feshi nake yi wa mutane a garake ana biya na, da shi nake ci da iyalina. In an ce magani na kashe zuma, so ake mu daina tsutsa ta cinye kayan mutane? Daga wani matashi, Gidimuni.

AMSA: Ƙanina ba wanda ya ce ka jefar da famfonka. Akwai ranar da in ba a fesa ba kabeji ko tumatir ya tafi, na sani. Abin da nake roƙo shi ne ka zama mai feshin da ya san aikinsa, kuma wallahi irin wannan shi ya fi samun ciniki daga baya.

Abu na farko lokaci. Mayar da feshinka yamma lis, bayan la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin zuma ta koma gida, furen kabewa da kankana sun rufe, iska ta kwanta, maganin kuma ya bushe kafin safiya. Wannan sauyi kaɗai ba ya cin ko dala, kuma yana rage ɓarnar sosai, kai ma ka huta da shaƙar magani cikin zafin rana. In shuka tana tsakiyar fure, mangwaro ne ko riɗi ko albasar iri, in da hali a jinkirta har furen ya wuce.

Sannan a daina feshin kalanda, wai duk kwana uku ko duk Juma'a ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Juya ganye ka duba tukuna. Sau da yawa mai garka yana ganin ƙwaro a kan fure sai hankalinsa ya tashi, alhali mai taimakonsa ne. Kai da ke yawo garka garka kai ya kamata ka ce masa Alhaji wannan bar shi.

Sai maganin kansa. Kwalaben nan da ake zubawa a kasuwa ba takarda ba suna, ko piya-piya da ake ɗurawa a robar ruwa, ba wanda ya san ƙarfinsu, suna kashe komai har mai fesawa suna taɓawa. Ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, suna da kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ya amince da shi akwai lamba a jikin kwalbar, malaman gidan gona suna da jerin sunayen, je ka tambaye su. Kuma ka riƙa karanta sunan sinadarin, ba sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Akwai wasu guda uku, imidakulofirid da tiyametokzam da kulotiyanidin, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili tun 2018 saboda zuma, don su shiga jikin shuka suke yi har su fito a ruwan fure da garinsa, ƙudan ya sha ko bai mutu nan take ba ya rikice ya kasa gane hanyar gida. Irin waɗannan ko da yamma ka fesa ba ka tsira ba, kada a sa su kusa da lokacin fure.

Kada ka raina 'ya'yan bedi, dogon yaron nan da ke zubar da su a kowane titi na Damagaram muna takawa. A shanya, a daka, garin rabin kilo a ruwa lita 10, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya zubar da tsutsa nan take yadda mai garka ke son gani, hana ta ci yake yi da girma, sai an maimaita, amma cutarsa ga zuma kaɗan ce in aka gwada da na kanti.

In ka gama kada ka wanke famfo a bakin tabki ko rijiya ko inda ruwa ke kwanciya, da rani nan zuma ke sha, nan awaki ke sha. In maƙwabcin garkar yana da amya gaya masa tun jiya. Af, kuma ka san 'yan buhunan nan da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ke kaiwa ƙauyuka don murzunar gero, ɗan ƙaramin zanzaro ne ke fitowa daga ciki yana kashe tsutsar a zangarniya, to shi ma maganin da ke kashe zuma yana kashe shi.

TAMBAYA: Malam shekaranjiya zuma ta zo ta dunƙule a reshen dalbejiyar gidanmu, dunƙule babba, ga yara ga tumaki a ɗaure. Maigida ya ce zai zuba mata fetur ya cinna wuta da dare. Ni tsoro nake ji ta kowane gefe. Daga wata uwargida, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Hajiya tsoronki yana kan hanya, zuma ga zaƙi ga harbi, kuma zumar ƙasarmu tana da zafin rai, ba abin wasa ba ce a gidan da ke da yara. Amma dan Allah ki roƙi maigida ya ajiye fetur ɗin. Wuta a cikin gida a Birni inda katanga ke jingine da katanga, ga zana ga rumfa, haɗarinta ya fi na zumar, kuma waɗanda ba su ƙone ba su ne za su watsu cikin unguwa a fusace.

Wannan dunƙulen da kika gani matafiya ne. Gidansu na da ya cika, sarauniya ta fito da wani kaso, suka yada zango a reshenku suna kewaye da ita, 'yan leƙen asirinsu suna can suna neman kogo. Ba su da saƙa ba su da 'ya'ya a wurin da za su kare, cikinsu kuma cike yake da zumar guzuri, shi ya sa a wannan hali sun fi kowane lokaci sanyi in ba a tsokane su ba. Yawanci kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki suke yi su tashi. Abin yi, a kwance tumakin a kai su wani wuri, don dabbar da ke ɗaure ita ce ke mutuwa in zuma ta tashi, ba ta da hanyar gudu. A hana yara jifa, a bar daka da hayaƙi a gindin itacen, a rage turare mai ƙarfi a wajen. Sannan a nemi mai amya, a tambaya wurin masu sayar da zuma a kasuwa za su nuna, shi murna zai yi don kyauta ya samu, da magariba zai zo ya kakkaɓe su cikin amya ya tafi da su.

In kuwa sun shige ramin katanga ko rufin ɗaki sun fara saƙa, wannan zama ne ba zango ba, kuma dole a fitar da su, amma mai sana'ar zai yi, ba maigida da tocila ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, cikinsu akwai tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Halittar da Allah ya saukar da sura guda da sunanta, in akwai hanyar kawar da cutarta ba tare da an ƙone ta ba, ita ya kamata a fara bi.

In an harbi wani, a kankare ƙarin da farce nan da nan, don muddin yana jiki dafi yake ƙara zubawa, a wanke a sa ruwan sanyi. In zuma ta biyo mutum ya rufe fuska ya ruga ɗaki ya rufe ƙofa, kada ya tsaya yana kaɗa hannu. Wanda kuma numfashinsa ya fara sarƙewa, ko leɓe da fuska da maƙogwaro suka kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, ko yaron da aka harba da yawa, wannan ba na jiƙo ba ne, a ɗauke shi sai gidan likita a lokacin.

TAMBAYA: Kakana yana ɗora amya a kan gawo, in lokaci ya yi a hau da dare da wuta a sha zuma. Ni ina so in ci gaba da sana'ar amma zuman na gudu, amya goma sai ka ga uku ke da zuma. Daga wani saurayi, Magariya.

AMSA: Ɗana Allah ya yi albarka da ka riƙe gadon gida. Amyar gargajiya da ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu ba ta da laifi, zuma na son ta. Wutar ce matsala, da kwashewa ƙarƙaf. In aka cusa wuta a amya, ma'aikata sun ƙone, wataƙila sarauniya ma, aka kwashe har saƙar da ke da 'ya'ya aka matse tare, wa zai zauna? Ga zumar ta fito baƙa tana warin hayaƙi ba ta kuɗi, ga gobarar daji da ake tayarwa. Hayaƙi mai sanyi ya isa, busasshen kashin shanu a gwangwani yana ci a hankali, ka busa kaɗan ka jira. Ɗauki saƙar da aka rufe bakinta da kaki, ita ce ta nuna, ka bar mai 'ya'ya da wani kaso na zumar su ci da rani. In ka samu hali gwada amyar katako ƙirar Kenya, mai sanduna a jere a sama, kowace saƙa a jikin sandarta, kana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ka ga wadda ta nuna ba ka fasa gidan ba. Kafinta na gari in ya ga guda zai iya ƙera maka, sai dai faɗin sandunan ya zama daidai ƙa'ida.

Gudun da suke yi kuwa, a Afrilu da Mayu ƙishirwa ce kan gaba. Zuma ruwa take ɗebowa ta sanyaya gidanta, in ba ruwa kusa sai ta yi ƙaura. Ajiye tsohuwar tukunya ko kasko a inuwa kusa da amyoyin, zuba tsakuwa da 'yan karare a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse, kuma kada ya ƙafe ko rana ɗaya. Duba tururuwa da cinnaka, su ma suna korar su. Amyar da ba kowa shafa mata kaki a ciki, ƙanshin na jawo su, saboda haka daina zubar da kakin bayan ka tace, shi ma kuɗi ne. Kuma ka tuna zuma tana kiwo har kilomita 2 zuwa 3 daga gida, feshin garkar da ba ka ma gani daga inda kake yana iya zama shi ke rage maka su, sai ka san masu garaken ka yi magana da su, ka gaya musu kankanarsu ce ke cin riba da zumarka.

TAMBAYA: Ni mushe ne a lakwal ɗin firamare, ina so in yi wani abu da yara kan wannan batu amma ba mu da kuɗi ba mu da ruwa sosai. Kuma yara suna ta harbin jemagu da danƙo wai suna ɓata mangwaro. Daga wani malamin makaranta, Tanut.

AMSA: Mushe sannu da aiki. Fara da jemagun. Furen kuka fari ne babba, yana rataye a ƙasa, da dare yake buɗewa da wani wari, kafin washegari ta yi nisa ya yanƙwane, kuma jemage mai cin 'ya'yan itace yana cikin manyan masu yi masa barbara, ɗorawa ma yana taimaka mata. Suna taɓa mangwaro, gaskiya ne, amma yaron da ke son kwalba da nono ya san da wannan. Kuma su daina taɓa jemage da hannu, mai rai ko matacce, yana ɗaukar cuta.

Nuna musu cewa ba mai zuma kaɗai ba ne. Nau'in ƙudan zuma a duniya ya kai kusan 20,000, mafi yawansu ba sa yin zuma ba sa zama a taro, uwa ɗaya ce take haƙa ɗan rami a ƙasa ko ta shiga busasshen kara ta ajiye ƙwanta. Ga galla 'yar ƙarama marar harbi, ga malam buɗe littafi, ga babban baƙin nan mai huda azara, ga ƙudaje a kan furen mangwaro. Ko ƙwarin da suke gani in sun fasa ɓaure, su ne ke yi masa barbara, furensa a ciki yake.

Da ɗan ruwan da ake alwala da wanke hannu za ku iya raya zogale biyu ko uku a inda yake gangarawa, zogale in yana samun ruwa kusan duk shekara yana fure. Magarya da aduwa da dakwara da bagaruwa sun saba da ƙasar Tanut, wanda ya tsiro da kansa a filin lakwal a kewaye shi da ƙaya kada awaki su cinye, kowane aji ya ɗauki guda. A bar wani lungu ba shara ba ƙonawa, a ɗaure damin kara busasshe a rataye a inuwa, bayan 'yan watanni yara su duba bakin kararen, za su ga wasu an toshe su da laka ko ganye, to akwai ƙwai a ciki. Ranar 20 ga Mayu ita ce ranar ƙudan zuma ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2017, kuma a wurinku ta faɗo a tsakiyar zafi, sai ku sa ta zama ranar da kowane aji zai ajiye kaskon ruwa da tsakuwa a gindin itacensa, a raba wa yara kwanakin zuba ruwa har zuwa saukar damina, a riƙa sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro.